Abdou Moumouni Dioffo: Malamin kimiyyar da ya auna makarantar boko da alƙaluma

Ɗaliban Nijar da yawa sun san sunan Abdou Moumouni ne saboda babbar jami'ar Yamai da ke ɗauke da shi tun shekarar 1992. Kaɗan ne suka san cewa mutumin, ban da binciken hasken rana da ya yi suna a kai, ya rubuta littafin da ya tone asirin makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bar wa Afirka.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a garin Tasawa ranar 26 ga watan Yunin 1929. Ya fara karatu a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, daga nan aka tura shi makarantar horar da malamai ta William Ponty a ƙasar Senegal, inda Faransa ke tara haziƙan yaran yankunan da take mulka. Bayan haka ya wuce birnin Paris, kuma a 1956 ya ci jarrabawar agrégation a fannin fiziks. Shi ne na farko da ya kai wannan matsayi a fannin daga ƙasashen baƙar fata rainon Faransa.

Tun yana ɗalibi ya shiga gwagwarmayar neman 'yanci. Yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, FEANF, da jam'iyyar PAI mai neman 'yancin kai. Da ƙasar Gini ta ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle a 1958, Faransawa suka janye ma'aikatansu, sai ya tafi Conakry ya riƙe alli. Daga baya ya yi bincike kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, sannan ya koma Bamako inda ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana na ƙasar Mali.

A 1964 ne ya wallafa littafinsa L'éducation en Afrique a Paris, aka kuma fassara shi zuwa Turanci a 1968. A ciki ya bi sawun tarbiyyar gargajiya, sannan ya jera alƙaluman makarantun zamanin mallaka ƙasa bayan ƙasa. Lissafin ya nuna cewa an gina makarantar ce domin samar da akawu da tafintoci da ƙananan ma'aikata, yayin da aka bar sauran jama'a a waje. Nijar kanta ta samu 'yanci a 1960 alhali yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Bai tsaya kan Turawa kaɗai ba. Ya soki sababbin gwamnatocin Afirka da suka gaji tsarin suka ci gaba da shi ba tare da gyara ba. A 1961 taron Addis Ababa ya yi alƙawarin sa kowane yaron Afirka a firamare kafin 1980, shi kuwa Moumouni ya ga cewa da irin wannan makaranta mai tsada, da ke koyarwa cikin harshen da yaro ba ya ji, burin ba zai cika ba. Shawararsa ita ce a koyar da yara da harsunansu na gida, a yi yaƙi da jahilci tsakanin manya, a kuma haɗa karatu da aikin da al'umma ke rayuwa da shi.

A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar hukumar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL, wadda ya shugabanta har 1985. A ƙarƙashinsa hukumar ta ƙera na'urorin dumama ruwa da murhunan girki masu aiki da rana. Ya kuma shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991.

Jihar Damagaram, inda ya fara riƙe allo, ita ce ta fara gwada ra'ayinsa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a birnin Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a aji, kuma a 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Sai dai a gundumomin Magariya da Dungas da ke kan iyaka da Najeriya, inda jama'a ke da yawa kuma Hausa ce harshen gida da kasuwa, yawancin yara har yanzu da Faransanci ake tarbarsu ranar farko a aji, wasu ma a rumfar zana. A duk lokacin da hukumomin ilimi suka fitar da adadin yaran da aka rubuta, iyaye da matasan yankin na da haƙƙin neman sauran lissafin da Moumouni ya damu da shi: nawa ne suka kai aji shida, nawa ne cikinsu mata, kuma nawa ne suka fita suna iya karanta wasiƙa da kansu.