Muhammadu al-Kashnawi, Malamin Hatimi

Duk wanda ya tashi a Ɗan Issa ya san hatimi, gidajen nan tara da malami ke zanawa a kan allo ya zuba musu haruffa. Kaɗan ne suka san cewa ƙasar Katsina, wadda zuriyar sarakunanta ta kafa Maraɗi, ta haifi malamin da ya rubuta ƙa'idojin wannan fanni kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. A Katsina ya fara karatu, kuma cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagarmi. Wajen 1730 ya kama hanyar aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya kammala Bahjat al-Afak, littafinsa a kan ilmin haruffa da hatimai. Ya kuma wallafa Bulug al-Arab a kan nahawun Larabci.

Ɗalibin harshe ba zai yi mamakin haɗuwar nahawu da lissafi a hannun mutum ɗaya ba, domin a tsarin abajada kowane harafi lamba ne. Ba 2 ne, dal 4, wau 6, ha 8, kuma su ne ke zaune a kusurwoyi huɗu na hatimi mai gida tara, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke tashi 15. In aka juya shi ko aka kifa shi, fuska takwas yake bayarwa, alhali asalinsa ɗaya ne.

Al-Kashnawi ya bayyana hanyoyin cika hatimai masu layi mara, kamar 3 da 5 da 7. Dabarar ita ce a riƙa taka gidaje da taki ɗaya, wanda ya fita ta wannan gefe ya shigo ta wancan, tamkar an ɗinke bakunan allon. Masana lissafi na baya sun bi wannan ɗinki har ƙarshensa. Idan aka ƙirga karkatattun layukan da ke zagayowa, gidaje tara suna da layi 12, kashi huɗu, kowane kashi layi uku da ba su haɗuwa. A ba kowane kashi ɗigo guda inda layukansa za su gamu, a ja layi ɗaya ta kan ɗigogin huɗu, sai a sami shimfiɗa mai ɗigo 13 da layi 13, wadda kowane layi biyu nata ke haɗuwa a ɗigo ɗaya tak. Hanyoyin sauya wa ɗigoginta wuri ba tare da an ɓata layi ko ɗaya ba sun kai 5,616.

A Alƙahira Shehu Hasan al-Jabarti ne ya sauke shi a gidansa, a can kuma Allah ya karɓi ransa a shekarar 1154 ta Hijira, wajen 1741. Ɗan mai gidan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana labarinsa. Littattafansa da Larabci suke, kuma fassara su zuwa Hausa, tare da samar wa fannin kalmomin da suka dace da shi, aiki ne da ke jiran ɗaliban harshe na ƙasar da ta haife shi. Allah ya jiƙansa.