Nadar, mai ɗaukar hoton masu zane

An haifi Nadar a birnin Pari, ƙasar Faransa, cikin shekarar 1820. Sunansa na yanka Felis Turnashon. Nadar laƙabi ne da abokai sunka sa masa. Ya fara karatun likita, amma da ubansa ya rasu, rashin kuɗi ya sa ya bari. Sai ya koma rubutu da zanen ban dariya cikin jaridu.

Wajen 1854 ya kama sana'ar hoto. A wancan zamani hoto sabon abu ne, kuma aiki ne mai wuya. Bisa gilashi ake ɗaukarsa. Sai a shafa wa gilashin magani, a ɗauka tun bai bushe ba, a wanke nan take. Wanda ake ɗauka kuwa dole ya tsaya cik, ba motsi.

Nadar ba ya jibga kayan ado bayan mutum. Sai ya zaunar da shi, su yi ta hira har ya saki jiki, sa'an nan ya ɗauka. Shi ya sa halin mutum ke fitowa a fuskarsa. Haka ya ɗauki manyan masu zane na Faransa, irin su Dalakurwa da Kurbe da Koro da Mane. Waɗannan mutane sun saba zana fuskar wasu, ga shi yau tasu ake ɗauka. Da Dalakurwa ya ga hotonsa a 1858, bai gamshe shi ba, har ya roƙi Nadar ya lalata shi. Amma hoton yana nan har yau.

A 1874 wasu masu zane, cikinsu har da Mone, sunka rasa wurin nuna aikinsu, don manyan sana'ar sun raina salonsu. Nadar ya ba su wuri a gidansa na hoto. Nan sunka yi baje kolinsu na farko. An yi musu dariya ƙwarai, amma yanzu duniya duka ta san su.

Nadar ya rasu a 1910, yana gab da cika shekara 90. Hotunansa suna ajiye a babban ɗakin littattafai na Faransa da gidan kayan tarihi na Orse, a Pari. Albarkacinsa muna iya ganin kamannin mutanen da sunka daɗe da barin duniya. Mu ma, mu adana tsoffin hotunan iyayenmu nesa da ruwa da gara, don jikokinmu su san su.