James Braddock: ɗan damben da ya mayar wa gwamnati kuɗin tallafi, da yadda fim ɗinsa ya sha ƙasa a sinima

Yau ba hirar Kannywood ko sabuwar waƙa na zo da ita ba. Tarihin wani bawan Allah ne da ya bar duniya tun 1974, wanda ni ban san da zamansa ba sai ta dalilin wani faifan fim da na saya a bakin titi. Sunansa James Braddock, ɗan damben boksin ne a Amurka, fim ɗin kuma shi ne Cinderella Man na shekarar 2005.

Bari na fara da yadda muka haɗu. Mahaifina ma'aikacin wata masaƙa ce a Kaduna, kuma lokacin da aka rufe ta gidanmu ya ga abin da ya gani. Mutumin da ya saba bayarwa sai ga shi yana karɓa. Ina tuna wani ɗan littafi da yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, duk wanda ya ba shi mudun masara ko 'yan kuɗin cefane sai ya rubuta sunansa da ranar. A wannan tsakanin ne na sayo irin faifan nan mai finafinai rututu a ciki, don wani fim ɗin faɗa da nake nema. Cinderella Man tsarabar da aka cusa ce kawai. Wani dare muka kunna, Baba na zaune. Da aka zo wurin da jarumin ya shiga cikin manyan harkar dambe da hula a hannu yana neman a taimaka masa ya biya kuɗin wuta, sai kawai Baba ya miƙe ya fita waje. Bai dawo ba sai da aka kusa gama fim ɗin. Tun daga ranar na ƙuduri aniyar sai na san ko wane ne wannan mutumin.

An haifi James Walter Braddock ranar 7 ga Yunin 1905 a wata unguwar talakawa da ke birnin Niyok, iyayensa 'yan ci-rani ne masu asali da ƙasar Ailan. A jihar New Jersey ya tashi. Ya shiga damben neman kuɗi a 1926 ƙarƙashin manajansa Joe Gould, wanda suka zauna tare har ƙarshen sana'arsa. Harafin J ɗin da ake sawa a tsakiyar sunansa ma aro ne, don ya yi kama da na wasu tsofaffin zakaru biyu, James J. Corbett da James J. Jeffries. Hannun damansa shi ne jarinsa, in ya sauke wa mutum shi sai dai a kwasa. A 1928 ya kifar da Tuffy Griffiths a turmi na biyu, sunansa ya fara zagaya gari.

Shekarar 1929 ce ta juya masa baya. A watan Yuli ya nemi kambun duniya na ajin da ke ƙasa da na masu nauyi, ya kara da Tommy Loughran. Loughran gwanin zilliya ne, turmi 15 Braddock yana kai naushi yana samun iska, alƙalai suka ba Loughran. Bayan wata uku kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, aka shiga karayar tattalin arzikin da ta girgiza duniya, ɗan abin da ya tara ya narke. Ga kuma hannun daman nan yana ta karyewa, shi kuwa ba halin ya zauna jinya domin in bai hau dandali ba ba a ɗora tukunya. Haka ya riƙa dambe da hannu ɗaya da rabi, yana shan kaye fiye da yadda yake yin nasara. A cikin wannan hali ya auri Mae Fox a 1930, Allah ya ba su 'ya'ya uku: Jay, Howard da Rosemarie.

A watan Satumban 1933 ya kara da Abe Feldman, hannun ya sake karyewa, alƙalin wasa ya soke damben. Daga nan kowa ya ɗauka tasa ta ƙare. Braddock ya koma tashar jiragen ruwa yana dako, irin aikin da za ka tsaya a bakin ƙofa da sassafe, a zaɓi wasu a kori sauran. Da abin ya ci tura, ya je ya yi rajistar karɓar tallafin gwamnati. Ku duba fa, mutumin da dubban mutane suka biya kuɗi suka kalla, yau shi ne a layi da maƙwabtansa suna kallonsa. Wannan shi ne abin da ya fi yi masa ciwo a rayuwa. Amma wani ikon Allah, da yake dama ta lalace, da hagu yake ɗaukar kaya, sai hagun ta yi ƙarfin da ba ta da shi a da.

A watan Yunin 1934 aka rasa wanda zai tsaya wa wani matashi mai tashe, Corn Griffin. So ake a samo masa wanda zai daka ya ƙara suna. Gould ya kawo Braddock, saura kwana biyu a yi wasa, a kan dala 250. Ba horo, ba shiri, daga dako sai dandali. Ranar 14 ga watan, Braddock ya gama da Griffin a turmi na uku. A daren nan kuma, a wannan fili, Max Baer ya lallasa Primo Carnera ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi. Ba wanda ya kawo a ransa cewa nan da shekara guda waɗannan biyun ne za su haɗu.

Sai ƙofa ta buɗe. A watan Nuwamba ya doke John Henry Lewis, wanda ya taɓa cinye shi a baya. A watan Maris na 1935 ya doke Art Lasky. Da kuɗi suka fara shigowa, sai ya yi abin da ya sa nake rubuta wannan tarihi: ya koma ofishin da ke ba shi tallafi ya mayar da abin da ya karɓa. Ba bashi ba ne, ba wanda ya bi shi, ba dokar da ta tilasta shi. Shi dai ransa ne bai kwanta ba. Da na karanta wannan, littafin Baba na ƙarƙashin katifa ne ya faɗo mini.

Ranar 13 ga Yunin 1935 aka yi karon da Max Baer. 'Yan caca sun sa goma a kan ɗaya cewa Baer ne zai ci. Baer ƙato ne mai mugun hannu, sai dai ya raina abokin karonsa, bai yi horon kirki ba, a dandali ma wasa da dariya ya riƙa yi wa 'yan kallo. Braddock kuwa ya san abin da ya baro a gida. Ya shanye dukan da aka yi masa, yana ta aika hagun nan da dako ya gina masa, yana tara maki. Bayan turmi 15 alƙalai gaba ɗaya suka ba shi. Marubucin jarida Damon Runyon ne ya laƙaba masa sunan Cinderella Man, daga tatsuniyar Turawa ta yarinyar da ke wahala a hannun kishiyar uwa har ta auri ɗan sarki. Mu a nan sai mu ce 'yar bora ce ta zama mowa.

Fim ɗin a nan ya tsaya, amma rayuwa ba ta tsaya ba. Braddock ya riƙe kambun shekara biyu ba tare da ya kare shi ba. An tsara zai kara da Bajamushe Max Schmeling, a lokacin da Hitler ke mulkin Jamus, amma Gould ya kauce ya ƙulla da Mike Jacobs, mai shirya wasannin Joe Louis. Sharaɗin da ya samo wa yaronsa shi ne kashi 10 cikin 100 na ribar da Jacobs zai samu a wasannin kambun masu nauyi har tsawon shekara 10. Wasu na ganin ba a kyauta wa Schmeling ba, kuma gaskiya suna da hujja. Amma wanda ya taɓa kwana da yunwa lissafinsa daban ne. Ranar 22 ga Yunin 1937 a Shikago, Braddock mai shekara 32 ya kai Louis mai shekara 23 ƙasa a turmi na farko, Louis ya tashi, ya gama da shi a turmi na takwas. Da haka Louis ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan kambu tun bayan Jack Johnson. Braddock ya yi wasa ɗaya bayan nan, ya doke Tommy Farr a Janairun 1938, ya ajiye safar dambe.

Ya shiga sojan Amurka a 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi aiki a tsibirin Saipan yana koya wa sojoji faɗan hannu. A shekarun 1960 yana cikin ma'aikatan da suka gina gadar Verrazzano a Niyok. Tsohon zakaran duniya, amma aikin ƙarfi bai taɓa zame masa abin kunya ba. Ya rasu a gidansa da ke North Bergen ranar 29 ga Nuwamban 1974 yana da shekara 69.

To yanzu mu dawo ɓangarenmu na 'yan fim. Ron Howard ne ya ba da umarni, Russell Crowe ya fito a Braddock, Renée Zellweger a Mae, Paul Giamatti a Gould. Wani abin sha'awa, jikar Braddock ta jini, Rosemarie DeWitt, ta fito a ciki a matsayin maƙwabciya. An kashe kimanin dala miliyan 88 wajen shirya shi, kuma kamfanin Universal ya sake shi ranar 3 ga Yunin 2005. Masu sharhi sun yaba, waɗanda suka shiga suka kalla sun fito suna yabo. Sai dai kasuwa ta yi halinta. A ƙarshen makon farko dala miliyan 18 da 'yan kai ya tara, ya zo na huɗu a bayan Madagascar, The Longest Yard da Star Wars. Da aka gama lissafi, kusan miliyan 61 ya samu a Amurka, a duniya baki ɗaya kuma kusan miliyan 108. Wani zai ce ai an ci riba, tunda 108 ya fi 88. A'a. Gidajen sinima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin wancan miliyan 88 ɗin. Don haka a sinima dai faɗuwa aka yi.

Me ya jawo? A ganina babban kuskuren shi ne lokaci. Watan Yuni a Amurka lokacin hutun yara ne da finafinan tashin hankali, ga Mr. & Mrs. Smith da Batman Begins sun biyo baya cikin mako biyu. Fim ɗin talauci da yunwa irin wannan ƙarshen shekara ake sakinsa, dab da kakar kyaututtuka. Universal sun yi zaton za su maimaita sa'ar Seabiscuit, fim ɗin dokin sukuwa na zamanin karayar arzikin, wanda ya yi kasuwa a irin wannan lokaci a 2003. Ga shi kuma 'yan watanni kafin nan wani fim ɗin dambe, Million Dollar Baby, ya lashe Oscar, mutane sun riga sun ƙoshi. Sunan fim ɗin ma bai taimaka ba, wanda bai san tarihin ba sai ya ɗauka tatsuniyar yara ce. Sannan kwana uku da fitowarsa aka kama Russell Crowe a Niyok bisa jifan wani ma'aikacin otal da wayar tarho, jaridu suka bar zancen fim suka koma zancen jarumi.

Abin ya kai har kamfanin gidajen sinima na AMC ya yi abin da ba a saba gani ba: ya sanar cewa duk wanda ya kalla bai ji daɗi ba, ya zo a mayar masa da kuɗinsa. Wallahi abin ya ba ni dariya da tausayi lokaci guda. Tarihin mutumin da ya mayar da kuɗi, ga shi ana roƙon jama'a su kalla da alkawarin mayar musu da nasu.

A watan Disamban 2005 aka sake shi a faifan DVD. A wancan zamani faifai ya fi tikitin sinima kawo wa kamfanonin Hollywood kuɗi, don haka fim ɗin da ya faɗi a sinima yana da sauran numfashi a gidaje da tashoshin talabijin. Ana cikin haka ya samu shiga takarar Oscar a rukuni uku, ciki har da na Giamatti, ko da yake bai ci ko ɗaya ba. Mu da muka taso da Kannywood mun san darajar faifai fiye da kowa, don a kansa masana'antarmu ta ginu, kuma mun ga yadda ta jigata da kasuwarsa ta mutu. Sai dai in faɗi gaskiya, irin faifan da na saya ko kwabo bai kai wa masu fim ɗin ba. Wannan laifin na amsa shi.

Ƙorafi ɗaya nake da shi a kan fim ɗin, shi ne yadda aka ɓata Max Baer, aka nuna shi mugu mai alfahari da kisan kai. Gaskiya ne Frankie Campbell ya mutu bayan damben da suka yi a 1930, amma abin ya dami Baer matuƙa, har ya taimaka wa iyalan mamacin da kuɗi. Ɗansa, Max Baer Jr., ya fito ya nuna ɓacin ransa. Darasi ne ga marubutanmu: in za ka ɗaga wani, ba sai ka taka mamacin da ba zai iya kare kansa ba.

Baba ya biya duk sunayen da ke cikin littafin nan kafin Allah ya karɓi abinsa, wasu ma sun manta sun ba shi. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. In akwai wanda ya kalli fim ɗin a cikinku, ina so na ji wurin da ya fi taɓa shi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.