Raymond Lindeman: Matashin da Ya Bayyana Dalilin Ƙarancin Shaho

A wannan makon filinmu na tarihi ya kawo muku rayuwar wani masanin kimiyya da bai cika shekara 27 a duniya ba, amma har yau ana koyar da abin da ya gano.

An haifi Raymond Lindeman a shekarar 1915 a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka. Ɗan manoma ne, a gona ya tashi. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Minnesota a 1941.

Shekara biyar ya yi yana zuwa wani ƙaramin tafki mai suna Cedar Bog, matarsa Eleanor tana taya shi aiki. Sukan ɗebo ruwa da laka, su ware tsirrai da ƙananan halittu, su auna nauyinsu. Burinsa shi ne ya san wa ke cin wa, kuma ƙarfi nawa ke wucewa daga abinci zuwa jikin mai ci.

Bari mu kawo misalin gida. A gonakin Dutse, gero yana samun ƙarfi daga hasken rana. Fara ta ci gero, ƙadangare ya ci fara, shaho ya sure ƙadangare. Kowannensu yana ƙarar da mafi yawan ƙarfin wajen motsi da numfashi, ya fita a matsayin zafi. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke kaiwa mataki na gaba. Idan gero ya tara awo 1,000, fara za ta sami 100, ƙadangare 10, shaho kuwa 1. To me zai rage wa mai cin shaho? Shi ya sa jerin bai cika wuce mataki huɗu ko biyar ba. Shi ya sa kuma fara ke da yawa, shaho kaɗan ne.

Da farko mujallar Ecology ta ƙi buga wannan bincike. Sai da malaminsa Evelyn Hutchinson na Jami'ar Yale ya tsaya masa aka karɓa. Ciwon hanta ya yi ajalinsa ranar 29 ga Yuni, 1942, aka buga aikin a watan Oktoba, bai gani ba.

'Yan uwa, duk wanda ya cinna wa daji wuta, ba ciyawa kaɗai ya ƙona ba, har da abincin shaho.