Shehu Jazuli da littafin da ya iso Gobir cikin gafaka

Da wuya a sami gidan malamai na asali a Sabon Birni ko Isa da bai san Dala'ilul Hairati ba, amma kaɗan ne za su iya faɗin ko wane ne mawallafinsa. Sunansa Muhammadu ɗan Sulaimanu al-Jazuli, mutumin yankin Sus da ke kudancin Maroko, daga ƙabilar Jazula ta Barbar. Ya yi karatu a birnin Fas, a zamanin da Turawan Fotugal suka riga suka ƙwace Sabta a 1415, suna kuma harin sauran garuruwan gaɓar teku.

Ya karɓi ɗariƙar Shaziliyya, ya shiga halwa mai tsawo wadda almajiransa suka ce ta kai shekara 14. Da ya fito, jama'a suka yi masa caa a garin Safi, har gwamnan garin ya tsorata da yawansu ya kore shi. Ya rasu a Afugal a 1465, kuma ana zargin guba aka ba shi. Ko bayan rasuwar bai huta ba, domin wani mai suna Umar al-Sayyaf ya riƙa yawo da akwatin gawarsa zuwa fagen fama wajen shekara 20. Daga baya sarakunan Sa'adiyawa suka mayar da ita Marrakesh, inda ake ƙirga shi cikin waliyyai bakwai na birnin.

Littafin da ya bari tarin salati ne ga Manzon Allah (SAW), ɗauke da sunayensa 201, an kuma kasa shi hizbi-hizbi bisa kwanakin mako. Irin matsayin da littafin Zabura mai ado ya samu a majami'un Turai na wancan zamani, shi Dala'ilu ya samu a ƙasashen Musulmi: littafin ibada da mai rubutu ke ƙure gwanintarsa a kai. A Istambul an riƙa zana Makka da Madina da ruwan zinare. Marubutanmu kuwa suka bi tasu hanya. Sukan zana Rauda da kaburbura uku, na Annabi da Abubakar da Umar, cikin zayyana mai kusurwoyi da da'irori, da tawada baƙa da ja da rawaya, a kan takardar Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai a jera su a sa cikin gafaka a rataya. Ko malaman da ke da ja a kan wasu lafuzzan littafin, ina jin ba za su musa kyan wannan aikin hannu ba.

Ƙasar Gobir tsohuwar ƙasar karatu ce. A Alƙalawa, wadda kufanta ke kusa da Sabon Birni, malamai sun yi ta shiga da fita fada kafin faɗuwarta a 1808. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman gafakar kakansa, littafin da ba a ɗinke ba kuwa damina guda ta isa ta watsa shi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu suna nan Sakkwato. Ya kamata su tura ma'aikata wurin iyalan da suka yi hijira, a ɗauki hoton abin da suka tsira da shi, a mayar wa masu shi kayansu.