Dolivo-Dobrovolsky: Ɗan Poli da Injinsa Ya Cika Masana'antu

Idan ana maganar injin lantarki, yawancinmu Tesla kawai muke ambata. Ni kuwa wanda nake so mu sani shi ne Mikhail Dolivo-Dobrovolsky, wanda shi ma ɗan poli ne kamarmu.

An haife shi a Rasha a 1862. Ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Riga, amma a 1881 aka kore shi saboda shiga gwagwarmayar ɗalibai, aka kuma rufe masa ƙofar manyan makarantun Rasha. Bai zauna ba, ya tafi Darmstadt a Jamus ya karanci lantarki, sannan ya kama aiki da kamfanin AEG a 1887.

A 1889 ya ƙera injin da ke aiki da wuta mai layi uku, wanda ake kira mai kejin kurege saboda siffar sandunan da ke juyawa a cikinsa. Ba shi da burushin da zai cinye, ga ƙarko, ga araha. A 1891 ya jagoranci tura wuta daga Lauffen zuwa Frankfurt, nisan kilomita 175. Ya rasu a Heidelberg a 1919.

Abin da ya fi burge ni, injin nan da kansa yake faɗin nauyin aikin da ke kansa. Da wutarmu ta 50 Hz, mai fol huɗu gudunsa na lissafi juyi 1500 ne a minti, amma kullum yana ɗan gazawa, kuma giɓin na ƙaruwa da lodi. A ce farantin jikinsa ya nuna 1450, giɓin cikakken lodi 50 ke nan. Ka auna da takomita ka samu 1480, giɓi 20. Raba 20 da 50, ka ga kusan kashi 40 cikin 100 yake ɗauka. Ƙiyasi ne dai. Auna wutar da yake ja ya fi daidai.

Irin wannan injin ya fi amfani da wuta da kyau wajen kashi 75 na lodinsa. Ƙasa da rabi kuwa, asara ake yi. Don haka 'yan'uwa masu zuwa SIWES, ku duba farantin kowane inji. Wani babba ne aka ɗora wa ƙaramin aiki, kuɗin wuta da na dizal suna zurarewa a banza.