Tarihin Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo: Masanin Shari'a, Mai Tsara Dokokin Mulki, Kwamandan Yaƙi

Gabatarwa

A wannan shafi na tarihin magabata, muna gabatar wa al'ummar Jihar Kano, musamman jama'ar ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansilolinsu, taƙaitaccen tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Mun zaɓe shi ne saboda a nan birnin Kano ya rubuta littafinsa da ya fi shahara a kan tsarin mulki, kuma Kanawa ne suka roƙe shi ya rubuta musu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a ƙasar Gobir wajen shekarar 1766. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ƙane ne ga Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a wajen mahaifinsa, da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga Shehu, inda ya karanci nahawu da tauhidi da fiƙihun mazhabar Malikiyya. Ya kuma ɗauki ilimi a wajen wasu malamai, ciki har da Malam Jibrila ɗan Umar, wanda shi ma Shehu ya yi karatu a gabansa. Tun yana matashi ya riƙa bin yayansa yawon wa'azi a ƙasashen Zamfara da Kabi da Gobir.

A fagen fama

Da zaman jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya ƙi daɗi, sai suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ne ya zama Wazirin Shehu. A watan Yuni na wannan shekara ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto, inda aka karya rundunar Yunfa duk da cewa ta fi su yawan dawaki da kayan yaƙi. A 1805 yana cikin shugabannin rundunar da ta ci Birnin Kabi. Amma ya ga ranakun baƙin ciki ma, domin a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa jama'a ta yi asarar ɗimbin malamai da mahaddata.

Zuwansa Kano

Bayan rasuwar waɗannan malamai, Malam Abdullahi ya lura cewa halin mutane ya fara sauyawa. Ya ga wasu sun mai da hankali ga neman muƙami da tara dukiya da tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a gari, sun bar abin da aka fito dominsa. Wannan ya dame shi ƙwarai, har ya bar runduna wajen shekarar 1807, shi da abokan tafiya kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

Hanya ta biyo da shi Kano a daidai lokacin da mulki ke canza hannu. A wannan zamani ne aka karya Sarkin Kano Alwali a Ɗanyaya, daga bisani aka kashe shi a Burum-Burum, garin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada. Sabbin shugabanni a ƙarƙashin Sarki Sulaimanu sun karɓi ƙasa, amma ba su da gogewa a kan sha'anin gudanar da ita. Sai suka hana Malam Abdullahi wucewa, suka nemi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya nuna musu cewa abin da ya gudo wa a gida shi ya tarar a wurinsu, amma ya amsa roƙonsu. Ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, wato hasken mahukunta. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wajen Shehu.

Littafin ya yi bayanin yadda ake zaɓen shugaba da sharuɗɗan da ya kamata ya cika, da yadda zai naɗa mataimakansa kamar waziri da alƙalai da masu karɓar zakka, da hukunce-hukuncen yaƙi da na hukunta masu laifi. A fahimtarsa, mulki amana ne. Shugaba yana ƙarƙashin doka, wajibi ne ya riƙa shawara da masana, ya buɗe ƙofarsa ga mai ƙara, ya ba da muƙami ga wanda ya cancanta ko da ba ɗan'uwansa ba ne, ya kuma hana ma'aikatansa karɓar toshi daga talakawa. An fassara littafin zuwa Hausa.

Mulkin Gwandu da rasuwarsa

A 1812 Shehu ya raba gudanar da daula gida biyu. Ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, sai aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, abin da ya haifar da ɓacin rai tsakaninsa da baffansa na wasu shekaru. Da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Gwandu, Bello ya kawo ɗauki, aka ci garin. A nan Malam Abdullahi ya yi masa mubaya'a, ya bar wa Giɗaɗo ɗan Laima wazirci, daula ta tsira daga rabuwa.

Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita a kan karantarwa da rubutu. Cikin littattafansa akwai tafsirin Liya'ut Ta'awili da Tazyinul Waraƙati, wanda a cikinsa ya ba da labarin jihadi da zuwansa Kano. Allah Ya yi masa rasuwa a Gwandu a 1829, kuma can kabarinsa yake. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana ɗauke da sunansa.

Kammalawa

Muna kira ga duk mai riƙe da wani muƙami, tun daga mai unguwa a Dangora har zuwa shugaban ƙaramar hukuma, da ya nemi wannan littafi ya karanta. Rabon takin zamani da shari'ar iyakar gona da sasanta manoma da makiyaya duk suna buƙatar adalcin da Malam Abdullahi ya rubuta wa magabatanmu fiye da shekara 200 da suka wuce. Haka kuma talaka na da haƙƙin sanin abin da doka ta ɗora wa shugabansa. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da rahama, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.